Ɗaurin da Kika Yi wa Lawali

Damba, Gusau.

Zuwa ga ɗiyata Asma'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki da gajiyar hanya. Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kin sami ɗaki mai ƙofa da sakata, kin kuma sami ruwan da za ki sha ba sai kin runtse ido ba. Allah Ya tsare hanyar Tsafe gaba da baya, Ya tsare masu bin ta, Ya tsare ki ke da waɗanda za ki yi aiki tare da su.

Za ki yi mamakin ganin takarda a ƙasan jakarki, alhali ɗakina da naki bango ɗaya ne tsakani. To ke kika ja. Tun da abin nan ya sami Lawali, duk sanda na buɗe baki na ambaci sunansa sai ki tuna kin bar tukunya a wuta. Ma'u, gidan nan ni na san yawan tukwanensa. Tunda kin ƙi tsayawa ki ji da kunne, sai ki zauna ki karanta, kuma kada ki tsallake mini layi.

Ran da kike ninke kayanki na ji abin da kika ce. Ba ki kalle ni ba, kanki na cikin jaka, kika ce, "Inna, ni can ɗiban jini kawai zan yi da gwaji. In an kawo mai rauni wani ya ɗaure. Ni na gama ɗaure hannun mutane." To ni ban yarda ba. Wane wani? Ƙaramin asibitin ƙauye aka tura ki, ba babban asibitin Gusau ba inda in ka juya sai ka ci karo da farar riga. Akwai ranar da babbanku zai tafi taro, ungozoma ta tafi karɓar haihuwa, a shigo da mutum a kan babur jini na bin ƙafarsa, a duba a ga ke kaɗai ce. Kin kuma san irin raunukan da ake kawowa daga dazukan can a shekarun nan. Ran nan in kika tsaya kina jiran wani, mutum zai mutu a gabanki. Wannan ne ke damuna, shi ya sa na ɗauko biro.

Bari in fara maimaita miki abin da ya faru a Nahuce, don na lura kin yar da rabinsa kin riƙe rabin da ke cizonki. Kin je barkar haihuwar matar Lawali, ɗan Gwaggonki Kulu. Kaka ce, ana casar dawa a bayan gida. Bel ɗin injin casa ya kama hannun rigar Lawali ya ja hannun dama ciki. Da aka kashe inji aka zaro shi, jini ba zuba yake ba, tsartuwa yake. Kika danne da zane, zanen ya jiƙe. Kika ƙara wani, shi ma ya jiƙe. Sai kika cire mayafinki kika ninke shi da faɗi, kika ɗaure sama da gwiwar hannu, kika sa muciya kika murɗa har jinin ya tsaya. Lawali ya yi kuwwar da aka ji har bakin titi. Gwaggonki ta taso ta kai hannu za ta kwance, kika bangaje hannunta. Aka sa shi a motar hatsi zuwa Bungudu, daga can aka wuto da shi Gusau. Likitoci suka yanke hannun ƙasa da gwiwa. Tun ran nan Gwaggonki ke gaya wa duk wanda ya je gaisuwa cewa ke kika shaƙe hannun ɗanta har ya mutu.

Na je na ga hannun da idona ran da aka buɗe shi. Abin da aka yanke, inji ya riga ya cinye shi tun a Nahuce. Babu likitan da zai haɗa nama da ƙashin da suka zama haka. Ki kuma yi tunani da kanki na aiki, ba da zuciyarki ba. A ina kika ɗaure? Sama da gwiwa. Gwiwar kenan tana ƙasa da ɗaurinki. Da ɗaurin ne ya kashe hannun, da ita ma ta tafi. Ga ta nan yana lanƙwasa ta yana miƙewa.

Na san wannan ba zai ishe ki ba, don ke ma irin babanki ce, in abu ya shiga ranku sai an sa ƙugiya. Don haka zan ba ki labarin abin da ni na gani a shekarun da na yi ina wannan aiki. Zan fara da ƙaramar robar ɗiban jini, tunda ita kika ce kin zaɓa, kina zaton ita ba ta da haɗari.

Kin san bakina ba ya zama. A farkon aikina a ɗakin gwaji, sai in ɗaure wa mutum roba a dantse, sannan in fara neman sirinji, in nemi kwalba, in tambaye shi mutanen gida, in ji ko 'yarsa ta haihu. Kafin in waiwayo hannu ya yi duhu, yatsu sun yi masa tsami. Wata tsohuwar nas da ta koya mini aiki ta tsaya a bayana wata rana ta ce, "Rabi, akuya kika ɗaure ko mutum?" A gaban marasa lafiya ta faɗa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita ta nuna mini cewa jinin da ya daɗe a tare a bayan roba ba ya faɗin gaskiya in an auna shi. Sai sakamako ya fito da ciwon da mutum ba shi da shi, likita ya rubuta magani a kan ƙarya. Don haka ki jera komai a gabanki tukuna: safar hannu, auduga, allura, kwalba da sunan mai jinin a jikinta. Roba ita ce ta ƙarshen ɗaurawa, ita ce kuma ta farkon kwancewa. Ki ɗaure ta kamar faɗin yatsu huɗu sama da inda za ki soka, da ƙarfin da zai taso da jijiya kawai. In kika taɓa wuyan hannu ba ki ji bugu ba, kin matse da yawa. Kada ta wuce minti guda. In jijiya ta ɓuya, ki kwance, ki bar hannun ya huta, ki sake. Da jini ya shigo sirinji ki saki roba, sannan ki zare allura. In kika zare da robar a ɗaure, jini zai taru ƙarƙashin fata, gobe mijin matar ya zo yana tambayar wa ya daki iyalinsa.

Kada ki ɗaure a hannun da ake ƙarin ruwa, ko mai kumburi, ko mai gyambo. Ki daina marin hannun mutane don jijiya ta fito, na ga 'yan makarantarku na yin haka, ban san wa ya koya muku ba. Ki kuma goge robar nan tsakanin mutum da mutum. Tana yawo daga fata zuwa fata yini guda, kowa na wanke hannunsa, ita ba mai tuna ta.

Sai kuma wadda ba a koyarwa a makaranta. Wata ranar kasuwa layi ya kai har baranda, ni da abokin aikina Malam Sani muna karɓa bi da bi. Aka shigo da wata Bafulatana daga rugagen bayan Bungudu, mai tsohon ciki. Da ƙyar ta yarda ta fito da hannu daga mayafi saboda akwai namiji a ɗakin, kuma ana zare allura ta yi wuf ta mayar da shi ciki ta fita. Har ya yi ritaya ni da Malam Sani muna gardamar ko waye a cikinmu ya ɗebi jininta. Ni dai na ce shi ne, shi kuma ya rantse ni ce. Can muka nemi roba muka rasa. Na fita na same ta gindin dogonyaro tana zaune tana jiran sakamako, fuskarta kamar ba komai. Na ɗaga mayafin. Hannu ya kumbura, ya yi sanyi, roba ta nutse a cikin nama. Na ce, "Baiwar Allah, me ya hana ki magana?" Ta ce, "Na zata cikin maganin ne." Na ce ba ta jin zafi? Ta kawar da kai ta ce, "Akwai kaɗan."

Allah Ya rufa asiri hannun ya dawo, amma ta daɗe tana jin yatsunta kamar ba nata ba. Ki riƙe wannan da kyau, Ma'u, don irin mutanen da za ki yi wa aiki kenan. An rene su a kan cewa kukan ciwo abin kunya ne, kuma duk abin da mai farar riga ya yi daidai ne. Ba za su ce miki kin manta ba. Mace za ta rufe hannunta tun kafin ki gama, dattijo zai saki hannun babbar riga ya rufe komai. Kada ki bar kowa ya tashi daga kujera sai kin ga robarki a hannunki. Ni daga ran nan a wuyan hannuna nake rataye ta, in ban ji ta ba na san tana jikin wani.

Yanzu ga wanda ya sa na zauna rubutu. Kin taɓa jin gutsurensa, ba ki ji shi duka ba.

Kafin a haife ki an taɓa tura ni Tsafe na ɗan lokaci. Wata rana da hantsi motar haya ta kife a wajen gari, aka kwaso mutane. A cikinsu akwai wani ɗan kasuwar hatsi, Malam Garba, magidanci mai cikar jiki. Ƙarfe ya yanke shi a cinya, jini na tsalle. Na ɗaure da rawaninsa, na murɗa da guntun sanda, jini ya tsaya cak. Abin ya fi ƙarfinmu, aka ce in raka shi Gusau. A zamanin abin da aka koya mana shi ne, in ka ɗaure to ka riƙa sassautawa lokaci zuwa lokaci don ƙafa ta sha jini kada ta mutu. Haka malamanmu suka ce, haka muka rubuta a jarrabawa aka ba mu maki. Shi ma yana ta roƙo. Ɗaurin nan ya fi raunin zafi, kin gani da idonki. Ya riƙe gefen rigata yana cewa, "Malama, don girman Allah ki sassauta mini ko kaɗan." Sai in sassauta. Jini ya ɓalle, in ƙirga a zuci, in sake murɗawa. Ya ce Allah Ya yi mini albarka. Can an jima ya sake roƙo, in sake sassautawa.

Kowace sassautawa sai ya ƙara yin shiru, ni kuma ina murna wai sauƙi yake samu. Ya ce yana jin ƙishi. Ya ce in rufe taga sanyi ya yi yawa, alhali ni gumi nake. Muna hango dutsen Kwatarkwashi ya daina roƙona. Kafin mu shiga Gusau ya cika, kansa a kan cinyar ƙaninsa. Ƙafafunsa biyu na nan a jikinsa, ba abin da ya sami ko ɗan yatsa, da su aka yi masa wanka.

Ga abin da nake so ki ji. Babu wanda ya zarge ni. Bayan sadakar bakwai iyalansa suka nemo inda nake suka zo har gida da kwaryar gero da 'yan zabi, suka ce ƙaninsa ya ba su labarin tausayin da na nuna masa, ban bar shi cikin azaba ba. Na karɓa na yi godiya, don ni ma a lokacin haka na ɗauka. Sai bayan shekaru, da aka sauya koyarwa aka kira mu horo, aka ce wanda ya ɗaure kada ya sassauta sai a inda akwai likita da jini da ɗakin tiyata, sannan na gane cewa a cikin motar nan jininsa na riƙa zubarwa ludayi-ludayi. Na fita daga ɗakin horon na zauna bayan gini na yi kuka mai isata. Har yau in na bi hanyar nan na hango dutsen sai in kawar da kai.

Ni da na sassauta an kawo mini zabi. Ke da kika ƙi sassautawa ana yi da ke a gidan suna da gidan biki. Malam Garba na cikin ƙasa, Lawali na Nahuce yana shan fura. In za ki auna aikinki da bakin mutane, to a wannan aikin za ki riƙa samun godiya a inda bai kamata ba. Ina jin zafin abin da ake faɗa a kanki, wallahi ina ji, ni na haife ki. Amma da a ce ke aka kawo wa zabin nan, da na fi jin zafi.

Kada kuma ki ɗauki Gwaggonki jahila ko muguwa. Tana da dalilinta, kuma dalilin ba ƙarya ba ne. Akwai ƙaninsu ita da babanki, Baffa Sale, ba ki san shi ba. Kububuwa ta sare shi a gona yana saurayi. Aka yi abin da kowa ke yi a ƙauye: aka yanko robar tayar keke aka ɗaure ƙafar tamau wai kada dafi ya hau, aka kai shi wurin mai magani, aka bar robar ta kwana ta yini. Da aka kwance ƙafa ta yi baƙi ta fara wari. Gwaggonki ce ta yi jinyarsa har ya rasu, tana budurwa. Ita a duniya abin da ta sani game da ɗauri kenan. Da ta ga ɗanta na kuwwa ana murɗe masa hannu da muciya, ba Lawali kaɗai ta gani ba, har da Sale.

Kuma a kan maciji ita ke da gaskiya. Ba a ɗaure saran maciji. Za a kawo miki su da yawa in damina ta sauka, da roba, da igiyar rama, har da waya. Ɗaurin ba ya hana dafi tafiya, ƙafa kawai yake kashewa. Haka yawancin yanka, na lauje ko na gatari ko faɗuwa a babur, ba sa buƙatar maɗauri. Tsumma mai tsabta, ki danne da ƙarfinki duka, ki daure kada ki riƙa ɗagawa kina leƙe. Mafi yawa a nan suke tsayawa. Maɗauri na jinin da ya ƙi jin danni ne, mai tsartuwa, ko hannu ko ƙafar da ta guntule ko ta ragargaje. In rauni a wuya yake ko ciki ko matsematsi, babu wurin ɗauri, sai cusa tsumma da danni har a kai.

In kuwa ya kama a ɗaure, to a ɗaure da gaske. In akwai maɗauri na asibiti mai sandarsa, shi ya fi, ki san inda ake ajiye shi tun ranar farko, kada ki bari yana cikin kabad da makulli a aljihun wanda ya tafi kasuwa. In babu, ƙyalle mai faɗi: rawani, mayafi, zane a ninke. Ban da waya, ban da siririyar igiya, suna yanka nama. Ki sa shi sama da rauni kamar yatsu uku, kada ya hau kan gwiwa. Ki murɗa har jini ya tsaya, ba har mai ciwo ya yi kuwwa ba, don kuwwa zai yi tun da wuri. Rabin ɗauri ya fi rashin ɗauri muni, jini na shiga ba ya komawa sai ta bakin rauni. In ɗaya bai isa ba ki ƙara na biyu a samansa. Ki ɗaure sandar kada ta warware a hanya. Ki duba agogo ki rubuta lokacin a fatarsa inda kowa zai gani, ko da gawayi ne. Kada ki bari a lulluɓe wurin. 'Yan uwa za su so su ja riga ko zane su rufe saboda sutura, su kuma waɗanda za su karɓe shi ba za su san akwai ɗauri ba. Sannan a kama hanya nan take, ba a jira ɗan uwa ya dawo daga gona ba.

Abu ɗaya ne zan ce da kin yi shi daban a Nahuce, shi ma tsufa ne ya koya mini. In za ki ɗaure a gaban dangi, ki riƙa magana da ƙarfi tun kafin ki murɗa. Ki ce, "Zai yi kuwwa, ku bar shi ya yi. In aka kwance zai mutu." Sannan ki ba manyan aiki. Hannun da ba shi da abin yi shi ke zuwa kan ƙulli. Ki ce wa dattijo, "Baba, riƙe mini sandar nan, kada ka saki ko ya roƙe ka da Allah." Ki ce wa uwa, "Inna, tallafe kansa ki yi masa addu'a a kunne." Da kin ba Gwaggonki kan Lawali ta riƙe, da wataƙila ba ki kai ga bangaje ta ba. Don haka in kin sami hutu ki je Nahuce ki durƙusa ki ba ta haƙuri a kan hannunta da kika ture, yayar ubanki ce. Amma ki tsaya nan. Kada ki kuskura ki ba ta haƙuri a kan ɗaurin, ko da ta yi kuka, ko da babanki ya ce ki yi don a zauna lafiya. In kika ba da haƙuri a kansa, ke ma za ki fara yarda laifi ne.

Jiya da na ce miki zan je kasuwa, Nahuce na tafi. Gwaggonki ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta shimfiɗa mini tabarma ta koma bakin murhu. Ba ta tambaye ki ba, ni ma ban kawo sunanki ba. Na sami Lawali a inuwar rumbu, jaririn na kwance a kan hannunsa na hagu. Ya rame. Matarsa ta gaya mini a ɗaki yake cin abinci shi kaɗai, ya ƙi zama cikin maza a ci tare saboda hannun hagu, in an miƙo masa hannu a masallaci sai ya rasa yadda zai yi. Ba zan ɓoye miki ba, yana cikin wuya, kuma zai daɗe a ciki. Ga gona, ga iyali.

Muna cikin hira sai aka tayar da injin a bayan gida. Na ga yadda kafaɗarsa ta ɗaga. Ƙaninsa Murtala ne ke kan injin yanzu, dawa ba za ta jira kowa ba. Lawali ya miƙa wa matarsa jaririn ya ce a kira masa Murtala. Da ya zo ya ce mini, "Inna Rabi, ki gwada muna yadda Ma'u ta yi. Ni ban gani ba, kuwwa nike. Wanga inji yana nan, ita ko ba kullum take nan ba."

Na ce a ba ni ƙyalle. Murtala ya kwance rawaninsa ya zauna ya miƙo hannu yana dariyar kunya. Maza biyu daga wurin casa suka matso, matan gida suka leƙo. Na ninke rawanin, na naɗa masa a dantse, ina bayani. Kin san idona ba kamar da ba, ga hannun riga ya tattare, ashe na sa shi dab da gwiwa. Ban ankara ba sai na ji murya a bayana.

"Ba nan ta ɗaura ba."

Gwaggonki ce, tana tsaye da ludayi a hannu. Ban san sanda ta taso ba. Ta ce, "Ta fi haka sama. Kuma sau biyu ta naɗa kafin ta ƙulla." Na matsar da rawanin na ce nan? Ta gyaɗa kai ta ce, "Awo." Na ce a samo mini sanda. Kowa ya tsaya yana dube-dube. Ita ta juya ta shiga ɗakin girki ta fito da muciya ta miƙo mini, ba ta kalli fuskata ba. Ta tsaya har na gama, har na sa Murtala ya gwada a hannun wani, har Lawali ya gwada murɗawa da hagu yana riƙe bakin ƙyallen da haƙori. Sannan ta karɓi muciyarta ta koma bakin murhu.

Ba zan ce miki ta huce ba. Da zan tafi ta rako ni zaure ba ta ce a gaishe ki ba. Lawali ne ya biyo ni har bakin hanya. Kin san ku taubasai ba ku rabuwa da tsiya. Ya ce, "Ki gaya ma waccan matsoraciyar, na ji wai ta bar ɗauri. Ni da aka murɗe ban gudu ba, ita mi ya kore ta? Ta zo ta ci tuwo da ni, ko da hagu sai na riga ta kai ƙasan kwano." Ya yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ya ce, "Ki ce mata ɗana ya san ƙamshina."

Iyakar saƙon kenan, ban ƙara ba ban rage ba. A mota na yi ta share ido da bakin mayafi har wata mata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini, na ce a'a.

To Ma'u, ba ni da sauran magana. Ranar na zuwa da za a shigo miki da wani a kan babur. Uwarsa za ta yi miki kuwwa a ka, wataƙila ta zage ki, wataƙila ta yi shekaru ba ta amsa gaisuwarki. Ki ce bismillah ki murɗa.

Allah Ya tsare ki a zaune da tafe. Allah Ya raba ki da sharrin hanya da sharrin daji da sharrin baki. Allah Ya sa albarka a hannunki, Ya ba ki tsayuwar zuciya a inda ake buƙatarta, Ya jiƙan Malam Garba da Baffanki Sale, Ya ba Lawali haƙuri da abin yi. Babanki na gaishe ki, ya ce kada ki yi wasa da salla kuma kada ki bi hanya in rana ta yi sanyi. Ki kira ni duk sanda kika sami layi, ko ba ki da abin faɗa.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Inna Rabi.